Ku karanta wa 'ya'yanku ayoyin da ke tsaye a gonakinku



Godiya ta tabbata ga Allah, Mai fitar da tsiro daga busasshiyar ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa maza da mata, na Tasawa da Mayahi da ƙauyukan da ke tsakaninsu: idan aka tambayi ɗayanku haƙƙin ɗa a kan mahaifinsa, zai lissafa kyakkyawan suna, da ci da sha da tufafi, da umartarsa da salla in ya kai shekara bakwai, da kai shi makaranta. Duka gaskiya ne. Amma akwai wani abu da nake ganin ya shiga cikin tarbiyya, mu kuwa mun fitar da shi daga lissafi: a zaunar da yaro a karanta masa labarin itatuwa da dabbobi da tsuntsaye da ƙwari, sannan a kama hannunsa a nuna masa su. Na san wani zai ce wannan aikin lakwal ne, me ya haɗa liman da shi. To, ku yi haƙuri ku bi ni.

Imam Bukhari, Allah Ya jiƙansa, ya kawo wani hadisi a cikin littafin ilimi na Sahihinsa. Wata rana Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, kuma misalinta kamar misalin Musulmi yake. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji, kowa da wadda ya hango. A cikin majalisin akwai Abdullahi ɗan Umar, yana mafi ƙarancin shekaru. Ya faɗo masa a rai cewa dabino ne, amma ya ga Abubakar da Umar sun yi shiru, sai kunya ta hana shi magana. Da Annabi ya bayyana cewa dabino ne, aka watse, yaron ya gaya wa mahaifinsa abin da ya zo masa a rai. Sayyidina Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa, da hakan ya fi masa dukiya mai yawa.

Ku dubi wannan majalisi da kyau. Malamin shi ne fiyayyen halitta, darasin kuwa a kan bishiya. Wanda ya gane amsa yaro ne, domin ya saba kallon dabino, ya san ganyensa da 'ya'yansa da kututturensa. Uban kuma, da duk kwarjininsa, burinsa a ce ɗansa ya buɗe baki ya nuna ya sani. Yau in ka tsayar da yaro ɗan shekara goma a cikin garin Tasawa, ka tambaye shi wace bishiya ce ke kakkaɓe ganyenta da damina ta yi kore shar da rani, yara nawa ne za su ce gawo? Na ƙauye da yawa za su sani. Na cikin gari kuwa, wanda ya haddace sunayen 'yan ƙwallon Turai goma sha ɗaya, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

Littafin da muke sa su haddacewa cike yake da halittu. Sura mafi tsawo da sunan saniya aka kira ta. Akwai surar dabbobin ni'ima, da ta ƙudan zuma, da ta tururuwa, da ta gizo-gizo, da ta giwa, da ta ɓaure. Allah Ya ba mu labarin hankakan da ya nuna wa ɗan Adamu yadda zai binne ɗan'uwansa, da tururuwar da ta gargaɗi 'yan'uwanta kada rundunar Annabi Sulaimanu ta tattake su, da alhudahudan da ya kawo labarin sarauniyar Saba'i. Ya umarce mu mu dubi raƙumi yadda aka halicce shi. Ya gaya mana dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Farkon ilimin da aka ba babanmu Adamu ma sanin sunaye ne. Yaro yana biya waɗannan ayoyi da safe da yamma, bakinsa na motsi, bai san cewa tsuntsun nan mai tukku da ke caccakar ƙasa a bayan gidansu shi ne aka ambata a suratun Namli ba. Ba laifin alaramma nake gani ba, shi an ba shi aikin hadda kuma yana yi da yara tamanin a gabansa. Amma minti ɗaya ya isa uba ko uwa su ce wa yaro: ka ga wancan? Shi ne ka karanta jiya. Ayar da yaro ya gani da idonsa tana da wuyar fita daga ƙirjinsa.

Ita kanta makarantar allo, da za ku kula, daga daji aka kawo ta. Allon da yaron ke riƙe da shi galibi daga icen aduwa aka sassaƙa shi. Alƙalaminsa karan gamba ne aka feƙe. Tawadarsa baƙin gawayi ne da ƙaro, ƙaron nan kuwa hawayen bishiya ne. Tabarmar da yake zaune a kai kaba ce, wataƙila ma daga Gulbin Kaba aka yanko ta. Gafakar malaminsa fata ce da aka jeme da 'ya'yan bagaruwa. Wutar da ake hurawa da daddare don karatu, itace ne. Itatuwa biyar ko shida ke hidima ga yaro kafin ya rubuta harafi ɗaya, kuma zai iya sauke Alƙur'ani bai taɓa tsayawa a gindin aduwa ya ce wannan ce uwar allona ba. Wannan ina ganinsa wani nau'i ne na ƙarancin godiya, kuma mu manya muka koya musu.

Ga kuma farillai da ba sa tsayuwa sai da wannan sani. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya san babin zakkar amfanin gona da ta dabbobi. Tumaki da awaki ana haɗa su wajen cika arba'in. Shanu daga talatin ake farawa, raƙuma daga biyar, kuma kowane mataki da shekarun dabbar da za a fitar. A mazhabarmu gero jinsi ne daban, dawa jinsi daban, ba a haɗa su don cika nisabi. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, abin da aka shayar da wahala rabin haka. Layya tana da shekarunta da aibobin da ke hana ta. Yaron da bai iya buɗe bakin rago ya duba haƙori ba, gobe shi ne magidancin da dillali zai sayar wa ɗan wata biyar ya je ya yanka yana zaton ya yi ibada. Ko a wankan gawa ganyen magarya muke nema, sai a aiki saurayi ya ɗebo, ya dawo hannu biyu ya ce bai gane ta ba.

Magabatanmu ba su ɗauki wannan ilimi wasa ba. Abu Hanifa ad-Dinawari, a ƙarni na uku bayan hijira, ya wallafa Kitabun Nabat, ya tara sunayen tsirrai da siffofinsu daga bakin Larabawan ƙauye. Al-Jahiz na Basra ya rubuta Kitabul Hayawan a mujalladai masu yawa. Kamaluddin ad-Damiri, malamin fiƙihu na Masar wanda ya rasu a shekara ta 808 bayan hijira, ya jera dabbobi bisa haruffa a cikin Hayatul Hayawan: kowace dabba da sunanta, da ɗabi'arta, da hadisan da suka ambace ta, da hukuncin cin namanta, da karin maganar da aka yi da ita. Akwai labarai a ciki da ba su inganta ba, mai karatu sai ya tace. Abin lura dai shi ne malami mai rawani ya ga wannan aiki ya cancanci tawadarsa.

Yanzu mu dawo ƙasarmu, domin a nan ne abin ya fi ƙona mini rai.

Dattawanmu sun ga farin 1973 da 1974, da yawanmu mun ga na 1984. Gonaki sun zama fili fetal, iska na kwashe rairayi tana binne shuka, manomi ya yi shuka sau uku sau huɗu a damina ɗaya. Mata suna tafiyar sa'o'i neman icen girki, daga ƙarshe su koma ga kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zauna ya zama taki. A wancan lokaci manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, bai bar ko sabara ɗaya ba. An yi ta dasa itatuwa ana kashe kuɗi, mafi yawansu suna mutuwa. A shekarar 1984 har babban taron ƙasa aka yi a Maraɗi kan yaƙi da hamada.

Abin da ya juya al'amarin ƙaramin sani ne game da bishiya. Wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura a 1983 cewa 'yan tsirran da ake sarewa kowace shekara wajen sassabe toho ne na tsofaffin kututture, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, aka kare su daga gatari, cikin 'yan shekaru sai su zama bishiya, ba tare da ban ruwa ba. Shi ne abin da muke kira sassaben zamani. Mutumin ma'aikacin wata ƙungiyar mishan ne, wannan kuwa ba ya hana mu faɗin gaskiya a kan abin da ya yi, kamar yadda gaskiya ce cewa akwai tsofaffin manomanmu da ba su taɓa daina barin gawo a gona ba, kuma hannun talakawa ne ya yi aikin. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga, maƙwabtanmu na gundumar Agiye, sun kafa kwamitocin tsaron itatuwa har labarinsu ya kai ƙasashen waje. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa a kudancin Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, bishiya wajen miliyan 200. A 2020 hukuma ta fitar da doka ta musamman a kan wannan aiki.

Ku tsaya a kan gawo kaɗai. Da damina, lokacin da hatsi ke buƙatar rana, sai ya zubar da ganyensa, ganyen ya zama taki, inuwarsa ta yi sauƙi. Da rani, lokacin da ba ciyawa, sai ya yi ganye ya zubo da 'ya'ya, dabbobi su taru a gindinsa su ci su bar taki. Saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili. Wa ya tsara masa ya saɓa wa sauran itatuwa? Idan kana neman darasin tauhidi ga ɗan shekara takwas, ga shi a tsaye a gonarka.

Wannan dukiya gado ce da aka tara cikin shekara arba'in, kuma a hannun yaran nan za ta faɗa. Gatari ɗaya da buhun gawayi sun isa su ci abin da aka rena shekara ashirin. Ku dubi Gulbin Kaba, wanda sunansa ma daga kaba ya samo: ana yankar ganyen tun yana ƙasa, ana sake yanka, ba a barin wasu su miƙe su zama goriba. Yaron da bai san cewa kabar nan ita ce goribar gobe ba, me zai sa ya ɗaga wuƙarsa? Manzon Allah ya sanar da mu cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. Sayyidina Abubakar ya hana rundunar da ya tura Sham sare itace mai 'ya'ya, a lokacin yaƙi ke nan. Mu muna zaune lafiya muna sarewa.

Wani zai ce: kakanninmu sun san daji ba tare da littafi ba, me ya kawo karatu? Sun sani, domin yaro yana tashi a bayan kakansa daga gona zuwa kiwo. Wannan igiya ta tsinke a gidaje da yawa. Uba yana ci-rani a Agadas ko Aljeriya ko Kano, kaka ya tsufa ba mai zama kusa da shi, yaro kuma idonsa na kan salula. Tsohuwar da ta san kwana nawa ake jiƙa anza ana sauya mata ruwa kafin ɗacinta ya fita, wadda da wannan sani ta ciyar da gida a shekarar yunwa, in ta rasu da saninta za a binne ta. Rubutu shi ke riƙe abin da baki ya saki. Wani likita Bature mai suna Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, daga bakin mutanen Arewacin Najeriya ya tattara su. Baƙo ya ga darajar sunayen nan fiye da shekara ɗari da suka wuce.

Sannan littafi yana nuna wa yaro abin da ido ba ya gani. Yana gaya masa cewa 'yan tsutsotsin da ke wutsil-wutsil a ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya su ne sauron da zai kawo masassara. Yana gaya masa cewa tsargiya daga ƙananan dodon-koɗin tabki take fitowa, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke zato. Yana koya masa bambanta kububuwa da macijin da ba ya cutarwa, da cewa wanda aka sara likita ake gaggauta kai shi. Yana gaya wa yarinya mai ɗebo tafasa da yaɗiya cewa nonon tumfafiya yana lahanta ido. Tsare rai yana daga manyan manufofin shari'a, wannan kuwa tsare rai ne. Masu binciken noma na Maraɗi sun daɗe suna rena wani ɗan ƙaramin ƙwaro, dangin zanzaro, suna kai shi ƙauyuka cikin 'yan buhuna don ya kashe tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Yaron da ya karanta haka zai daina ɗaukar kowane ƙwaro maƙiyi. Kuma littafi ne zai gaya masa cewa raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, su ne suka rage a duk Afirka ta Yamma, cewa a 1996 ba su kai hamsin ba, aka tsare su har suka haura ɗari shida, kuma a 2018 an kawo takwas Gadabeji, a cikin jiharmu.

Akwai tambayar da na san za ta zo, ita ce ta hotuna. Hoton bishiya da duk abin da ba shi da rai babu saɓani a kan halaccinsa, Ibnu Abbas ma da kansa ya nuna wa wani mai sana'ar zane ya koma ga itatuwa. Hoton dabba kuwa, abin da malaman mazhabar Maliku suka haramta shi ne mutum-mutumi cikakke mai inuwa. Zane a kan takarda bai kai haramun ba a wurinsu, kuma sun yi rangwame ga abin wasan yara saboda hadisin Nana A'isha, wadda Annabi ya tarar da dokin wasa mai fukafukai a cikin kayanta, ya yi dariya. Wanda ya zaɓi tsantseni ga kansa ba na zarginsa. Amma kada ya ƙwace littafin dabbobi daga hannun ɗansa ya bar masa salula wadda ba ya sanin abin da ke cikinta.

Gaskiya ne littattafan da suka dace sun yi mana ƙaranci. Da yawa daga waɗanda ake samu da Faransanci suke, cike da dusar ƙanƙara da tuffa da dabbobin da yaron Mayahi ba zai taɓa gani ba. Ba laifi ya san su, duniya duk ta Allah ce, amma a fara da kalgo da kurna da shamuwa, wadda zuwanta ke gaya wa manomi ya gyara kayan shuka. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a lakwal a Damagaram, a 2025 kuma an ayyana Hausa harshen ƙasa. Ina kira ga malaman makarantu da ma'aikatan gandun daji da ɗalibanmu na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke cikin wannan zaure: ku rubuta mana, ko shafi goma ne, da Hausar da yaro zai gane.

Kafin su rubuta, kai uba kana da abin yi. Sayi kaye ɗaya da fensir. Ranar Alhamis, da ba a karatun allo, ka tura yaro wurin kakarsa ta gaya masa sunan bishiya ɗaya, da amfaninta, da lokacin da take 'ya'ya. Ya rubuta da boko ko da ajami, ya tsinko ganye ɗaya ya maƙala a shafin. Da daddare ya karanta wa ƙannensa, kai kuma ka kawo masa aya ko hadisin da ya dace in akwai. In kai ba ka iya karatu ba, ka zauna ka saurara, ka gyara masa inda ya kuskure, domin kai ka san dajin. 'Yan mata su shiga ciki daidai da maza. Bayan shekara gidanka ya mallaki littafin da ba a sayar da irinsa a kasuwa.

Ku kuma sa ido a kan danko. Yara suna harbin tsuntsu don nishaɗi, su ɗaure ƙadangare da zare suna ja, su wawashe sheƙa, manya na kallo suna dariya. Mun san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da mutumin da aka gafarta wa saboda karen da ya shayar. Mun san Annabi ya ga tsuntsuwa tana shawagi cikin damuwa don an ɗauke mata 'ya'ya, ya yi umarni a mayar mata. Mujiya kuwa da ake jifa wai tana kiran mutuwa, Annabi ya kore wannan camfi, ita aikinta da dare cin ɓerayen da ke ɓarnar rumbunku.

Duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida da suka san sunayen itatuwa da ciyayin da suka fara ɓacewa a yankinmu, ya rubuto su ya ba ladan bayan sallar Juma'a, tare da sunan ƙauyen da aka ji su. Za mu tara, mu sa ɗalibai su kwafe, mu raba wa makarantun unguwa.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba mu damina mai albarka.